Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Masu Kallon Angkor da Manoman da ke Kewaye da Shi

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu kai ku nesa, can gabashin duniya, ƙasar Kambodiya da ke tsakanin Tailan da Biyetnam. A ƙasar nan akwai wani tsohon birni da ake kira Angkor. Sarakunan kabilar Khmer ne suka gina shi. Daularsu ta kafu a shekara ta 802, ta kuwa yi ƙarfi har wajen 1431. Gidajen mutanen birnin na katako ne da ciyawa, sun ruɓe tuni, amma manyan haikalai na dutse suna nan tsaye cikin kurmi da gonakin shinkafa. Wanda ya fi suna shi ne Angkor Wat, wanda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina a ƙarni na 12. Hotonsa ne ke bisa tutar ƙasar. Mutane kan taso daga kowace kusurwa ta duniya su zo kallo, su yini suna zagayawa, su koma.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa manomi da yawon kallon kangaye? Abin da ya haɗa mu shi ne, duk inda baƙin nan suka taka, gonar wani suke ratsawa. Cikin filin da aka keɓe domin haikalan, wanda ya kai murabba'in kilomita 400, akwai ƙauyuka fiye da 100, mutanensu kuwa manoma ne kamarmu. Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, manomin wurin shi ne mai gida. Guminsa ya gina abin da ake kallo, shi ne kuma zai rage a wurin bayan kowane baƙo ya tafi. Saboda haka yawon kallon da bai bar masa rabo mai kyau ba, ko kuwa ya raba shi da gonarsa, ba mu kira shi ci gaba ba, komai yawan kuɗin da ya kawo.

Yadda baƙo ke yininsa

Yawancin baƙi a garin Siem Reap suke sauka, wajen kilomita shida kudu da Angkor Wat. Akwai masu hali, su ne ke kwana a manyan otal. Akwai kuma samari da 'yan mata masu goyon jaka a baya, waɗanda ke bi ƙasa ƙasa da ɗan guzuri kaɗan, suna kwana a masauki mai araha, mutum takwas ko goma a ɗaki guda. Kowannensu sai ya yanki tikiti. Tun daga 2017 kuɗin tikitin yini ɗaya dala 37 ne, na kwana uku dala 62, na kwana bakwai dala 72. 'Yan ƙasa ba sa biya.

Tun da asuba baƙo ke tashi, ya hau keke, ko kuwa ya ɗauki shatar babur mai jan keken fasinja, wanda suke ce wa tuk-tuk. Kafin ƙarfe biyar da rabi ya isa Angkor Wat domin ya ga fitowar rana a bayan hasumiyoyinsa biyar. Daga nan sai ya shiga birnin Angkor Thom ya ga haikalin Bayon mai manyan fuskokin dutse, sa'an nan Ta Prohm, inda saiwoyin manyan itatuwa suka rungume bango. Wannan shi ne ƙaramin zagaye, wajen kilomita 17. Babban zagayen kuwa wajen kilomita 26 ne. Wanda ke da kwanaki yakan ƙara gaba zuwa Banteay Srei, ɗan ƙaramin haikali na jan dutse mai kyawun sassaƙa da aka keɓe a 967, ko Beng Mealea da kurmi ya cinye, ko Koh Ker mai nisan wajen kilomita 120. Waɗansu kuma sukan gangara kudu zuwa tafkin Tonle Sap, su shiga jirgin ruwa su ga ƙauyen masunta na Kampong Phluk, inda gidaje ke bisa dogayen dirkoki saboda cikar ruwa. Da yamma kowa ya koma gari ya ci abinci ya kwana.

Lokacin da baƙi suka fi yawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi. Wannan kuwa shi ne kakarsu. Watau a daidai sa'ad da tuk-tuk ke wucewa da baƙo, manomi da iyalinsa suna duƙe da lauje suna yankan shinkafa. Baƙo yakan sa a tsaya, ya ɗauki hoton mai yanka, da ɓaunar gida da suke huɗa da ita, da yaran da ke ɗaga masa hannu, ya wuce. Bai san sunan ƙauyen ba, bai kuma san ko damina ta yi kyau ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Wa ya ɗauki nauyin dutsen?

Da baƙon zai tsaya ya tambaya, da duwatsun da kansu sun ba shi amsa. A Ta Prohm, wanda Sarki Jayavarman na Bakwai ya keɓe a 1186, akwai wani dutse mai rubutu da ya lissafta abin da ke riƙe da haikalin. Rubutun ya nuna ƙauyuka fiye da 3,000 da mutane kusan 80,000 ne aka ɗora wa ciyar da wannan haikali guda da yi masa hidima. Ku auna wannan, 'yan'uwa. Haikali ɗaya ke nan cikin ɗaruruwa. Mai sassaƙa dutse ba ya noma, haka mai jan dutsen daga tsaunin Kulen, tafiyar wajen kilomita 40, haka sojan da ke tsaro. Dukansu daga rumbun wani suke ci. Ko harsashin ginin ma da marmara aka yi shi, irin jan dutsen nan da mu ma muke haƙowa a gonakinmu, sa'an nan aka lulluɓe shi da dutsen sassaƙa.

Shinkafa kuwa sai da ruwa. Ƙasar tana da damina da rani kamar tamu. Ruwa kan sauka daga Mayu zuwa Oktoba, sa'an nan a yi wata shida kusan babu ɗigo. Don haka babban aikin mutanen Angkor shi ne sarrafa ruwa. Sun yi manyan tafkuna da suke kira baray. Ba haƙa su suka yi ba, tara ƙasa suka yi suka ɗaga kunya mai tsawo ta kewaye fili, sa'an nan suka juyo kogi ya cika shi. Baray ta Yamma, wadda aka yi a ƙarni na 11, tsawonta kilomita 8 ne, faɗinta kuwa ya ɗara kilomita 2, watau fili fiye da hekta 1,600. Da hannu da kwando aka yi ta. Har yau tana riƙe ruwa, manoma kuma suna noman rani da shi. Wani jakadan ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan, wanda ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa mutanen wurin sukan yi girbi sau uku ko huɗu a shekara, ya kuma ambaci wata irin shinkafa mai yin tsawo tana bin ruwa yayin da tafki ke cika.

Masana sun daɗe suna gardama a kan ko domin ban ruwa aka yi tafkunan, ko domin ibada da tare ambaliya. Amma a 2012 aka bi wurin da jirgi mai saukar ungulu ɗauke da wata na'ura mai auna ƙasa ta cikin ganyen itatuwa, sai ga hanyoyi da lambatu da kududdufai da tuddan gidaje birjik a ƙarƙashin kurmi. Tun kafin wannan ma taswirar da aka buga a 2007 ta nuna birnin da gonakinsa sun kai murabba'in kilomita 1,000. Ashe Angkor ƙaton ƙauye ne na manoma, haikalan kuwa a tsakiyarsa suke.

Faɗuwar birnin ma da ruwa a ciki. Masu binciken zoben cikin tsofaffin itatuwa sun gano cewa a ƙarni na 14 da farkon na 15 an yi fari mai tsawo na shekaru da yawa, a tsakani kuma aka yi ruwa mai ƙarfi da ya fasa madatsai, ya cika lambatu da yashi. Ga kuma yaƙi da mutanen Ayutthaya daga yamma. Da hanyoyin ruwa suka lalace, fada ta koma kudu. Sarakuna sun tashi, manoma sun zauna. Sufayen addinin Buddha kuma ba su taɓa barin Angkor Wat ba. Don haka labarin da ake yawan faɗa wa baƙi, cewa Turawan Faransa ne suka gano ɓataccen birni a daji, labarin baƙo ne. Mutanen ƙauyukan ba su taɓa ɓatar da shi ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Ba za mu ɓoye alherin da ke cikin zuwan baƙi ba. A 1992, sa'ad da hukumar UNESCO ta sa Angkor cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ƙasar tana fita daga yaƙi, ɓarayi suna sare kawunan gumaka suna sayarwa a ƙetare. Zuwan baƙi da kuɗinsu sun taimaka aka tsare wurin, aka gyara abin da ke rushewa, har a 2004 aka cire shi daga jerin wuraren da ke cikin hatsari. A 2019 baƙi wajen miliyan 2.2 suka yanki tikiti, kuɗin kuwa ya kusa dala miliyan 99. Daga kowane tikiti ana ware dala 2 domin asibitocin yara na Kantha Bopha, inda ake yi wa 'ya'yan talakawa magani kyauta. Dubban matasa sun sami aiki a otal, da tuƙi, da yi wa baƙi jagora. Hukumar APSARA mai kula da wurin, wadda aka kafa a 1995, ta gyara waɗansu tsofaffin tafkuna da hanyoyin ruwa, abin da ya taimaki gonaki ya kuma rage ambaliya a gari. Wannan duk gaskiya ne.

Amma ku duba yadda yinin baƙo yake. A gari ya kwana, a gari ya karya kumallo, a gari ya biya kamfanin da ya shirya masa tafiya, a gari kuma zai ci abincin dare. Abin da ya kashe a ƙauye bai wuce kuɗin kwakwa ɗaya da kwalbar ruwa ba. Ƙurar mota da robobin ruwan da aka yar su ne rabon ƙauyen. Shi ya sa shekaru da yawa, duk da miliyoyin baƙin nan, ana lissafta lardin Siem Reap cikin larduna masu fama da talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuna iya cewa, ai baƙi suna cin abinci, manomi kuwa shi ke noma abinci, to ga kasuwa. Haka ya kamata, amma kayan lambu da yawa da ake ci a biranen Kambodiya daga Biyetnam ake shigo da su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai dafa abincin otal yana son tumatir da latas da kokwamba kowace safiya, adadi ɗaya, girma ɗaya, rani da damina. Manomi guda mai ɗan lambu a bayan gida ba zai iya ɗaukar wannan alkawari ba. Yau yana da kwando biyar, gobe babu. Sai ɗan kasuwa mai babbar mota ya karɓi cinikin. Mu da muke cikin ƙungiyoyin gama kai mun san wannan ciwo, mun kuma san maganinsa.

Ga kuma batun ruwa. Angkor Wat a kan yashi yake zaune, ƙaton lambatu mai faɗin mita 190 kuwa ya kewaye shi. Ruwan nan shi ke sa yashin ƙarƙashi ya zauna da danshi ya riƙe nauyin dutse rani da damina. Da otal suka yi yawa a gari, kowa ya haƙa rijiyar burtsatse domin wanka da wurin iyo da ban ruwan furanni, sai masana suka yi ta gargaɗi cewa idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya ƙwarai, harsashin haikalan zai iya motsi. Ruwan da rijiyar manomi ke sha, shi ne wanda haikali ke tsaye a kai. Wanda ya tsare ɗaya ya tsare ɗayan.

Ranar da raɓa ta bushe

Kakanninmu sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan jiƙa ganye da safe, kafin hantsi ta tafi. Mutanen Siem Reap sun ga wannan da idonsu. Da annobar korona ta rufe hanyoyin duniya, masu yankan tikiti suka faɗo zuwa wajen 400,000 a 2020. A 2021 kuwa duk shekara ba su kai 13,000 ba. Otal suka rufe, masu tuk-tuk suka jingine baburansu, masu sayar da tsaraba suka naɗe kaya. A 2024 ne adadin ya sake haura miliyan ɗaya kaɗan, watau bai kai rabin na 2019 ba. Sa'an nan a watan Yuli na 2025 faɗa ya ɓarke a kan iyakar Kambodiya da Tailan, a kusa da waɗansu tsofaffin haikalai, hanyoyin ƙasa tsakanin ƙasashen biyu kuma suka kasance a rufe.

A irin wannan rana, wanda ke da gona a ƙauye yana da inda zai koma ya sami abin kai wa baki. Wanda ya sayar da gonar ya sayi babur, ko ya ba da takardar gonar jingina ya ci bashi domin gina ɗakin baƙi, shi ne ya shiga uku. Kambodiya tana cikin ƙasashen da ƙananan basusuka suka fi yi wa talakawa nauyi, masu ba da rancen kuwa yawanci takardar fili suke karɓa jingina. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a na ƙasar sun buga rahoto a 2019 a kan iyalan da suka sayar da gonaki domin biyan irin wannan bashi. Baƙo ya daina zuwa, amma ranar biya ba ta daina zuwa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tashin mutane zuwa Run Ta Ek

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ya fara a 2022. Gwamnati ta shiga kwashe iyalai wajen 10,000 daga cikin filin Angkor zuwa sababbin matsugunai, babba a cikinsu shi ne Run Ta Ek, fiye da kilomita 20 daga haikalan. An ba kowane iyali fili mita 20 da 30, da kwanon rufi, da ɗan kuɗi da abinci. Gwamnati ta ce mutanen sun yi gini ba bisa ƙa'ida ba, da yardarsu suka tashi, kuma tashin ya zama dole domin a tsare darajar wurin. Ƙungiyar Amnesty International kuwa, a rahotonta na Nuwamba 2023, ta ce an tilasta wa mutane da yawa, har da waɗanda suka ce kakanninsu a wurin aka haife su, kuma sun tarar da sabon wurin babu isasshen ruwa da makewayi da abin yi.

Mun yarda ba a barin kowa ya kafa rumfa a jikin bangon da ya shekara 800. Dole a yi doka, dole kuma wanda ya zo jiya domin ciniki ya bi ta. Amma ku da kuka san ƙasa, ku auna mita 20 da 30. Wannan filin gida ne da ɗan lambu. Ba ya fitar da shinkafar da za ta ciyar da iyali, ba wurin kiwon saniya, ba kuma baƙon da zai wuce ya sayi kwakwa. Idan za a tashi mutum domin amfanin jama'a, a zauna da shi tukuna, a ba shi gona a madadin gona, a kuma kai ruwa da hanya da makaranta kafin a kai mutane. Kwashe manomi domin hoton baƙo ya fita fes, wannan juya al'amari ne a kife. Gonakin shinkafa da giginyoyi da shanun da ke kiwo a gindin haikalan, su ma gado ne, sun ma girmi duwatsun.

Inda mutane suka haɗa kai

Akwai wuraren da aka bi wata hanya. A Banteay Chhmar, wani babban haikali na zamanin Jayavarman na Bakwai can arewa maso yamma, mutanen ƙauyukan suka kafa kwamitinsu a wajen 2007. Suka shirya baƙo ya kwana a gidajensu, mata su dafa masa abinci, samari su yi masa jagora, masu amalanke su zagaya da shi, makaɗa su yi masa kiɗan gargajiya. Aka tsai da farashi ɗaya sananne, aka kuma ware wani kashi ya shiga asusun gari domin ayyuka irin su kwashe shara. Da baƙo ya kwana ɗaya kawai, kuɗin ɗaki da abinci da jagora duk a ƙauyen suka zauna.

A ƙauyen Tmatboey na lardin Preah Vihear, tsuntsu ne ya jawo baƙi, wani ƙato dangin jinjimi da ya kusa ƙarewa a duniya. Aka yi yarjejeniya baƙo ya zuba kuɗi a asusun gari, in ya ga tsuntsun kuwa ya ƙara. Sai mutanen da a dā ke farautarsa suka koma masu gadin sheƙarsa. Daga baya aka kafa shirin sayen shinkafar manoman yankin da farashi mai daraja, muddin sun kiyaye alkawarin barin farauta da saran daji. Nan manomi bai bar gonarsa ba, gonar ce ta ƙara daraja.

Ko a kan hanyar Banteay Srei, mutanen ƙauyen Preah Dak sun jera rumfuna suna dafa ruwan wata irin giginya, ɗan'uwan giginyarmu, har ya daskare ya zama kamar mazarƙwaila, suna kuma yin taliyar shinkafa da waina. Abin da suka iya tun kaka da kakanni shi suke sayarwa, baƙi da 'yan ƙasa suna tsayawa saye.

Kada ku ɗauka haɗa kai abu ne mai sauƙi a Kambodiya. Daga 1975 zuwa 1979 mulkin Khmer Rouge na Pol Pot ya kora mutane daga birane, ya ƙwace gonaki, ya tara kowa cikin abin da ya kira ƙungiyoyin gama kai, aka tilasta musu haƙa lambatu da gina madatsai wai za a maido da girman Angkor. Da yawa cikin ayyukan ba su yi amfani ba, gama an zana su ne ba tare da kula da gangaren ƙasa ko shawarar manoma ba. Mutane tsakanin miliyan ɗaya da rabi da miliyan biyu suka hallaka ta yunwa da cuta da kisa. Bayan wannan, ko sunan gama kai ma tsoro yake ba tsofaffi. Sai a 2013 ƙasar ta yi cikakkiyar dokar ƙungiyoyin manoma. To, idan mutanen da aka cuta da sunan haɗin kai sun iya komowa su haɗa kai da yardar ransu, lalle sun ga abin da ke ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar da aka ɗora da bulala ba ta zama.

Abin da muke so a yi

Ga baƙo, ko Bature ne ko ɗan Afirka da ya sami hali, muna cewa ya rage gudu. Maimakon haikali goma a yini ɗaya, ya ga uku, ya kwana ɗaya a ƙauye. Ya hau kunyar Baray ta Yamma ya dubi aikin da aka yi da kwando. Ya ci abinci a rumfar gefen hanya, ya ɗanɗana prahok, kifin da suke tsimawa su sa a miya kamar yadda muke sa daddawa. Ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum. Ya rufe kafaɗa da gwiwa, gama wuraren nan har yau ɗakunan ibada ne ga masu su. Ya yi ciniki da manya maimakon yara, domin yaron da ke samun kuɗi a bakin haikali ba ya son komawa aji. Kada kuma ya mai da gidan marayu wurin kallo. Bincike a ƙasar ya nuna mafi yawan yaran da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba da rai, talauci ne da kuɗin baƙi suka kai su can.

Har wa yau, a wuraren da ke nesa kada ya bar hanyar da aka share, gama shekarun yaƙi sun bar nakiyoyi binne a gonaki da dazuzzuka. Cikin masu aikin nemo su akwai wata dabba da kuka sani sarai, watau gafiya. Ƙungiyar APOPO tana horar da su a Tanzaniya ta kai su Kambodiya. Hancinsu na jin warin nakiya, nauyinsu kuwa bai isa ya tashe ta ba. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar zinariya aka ba shi a 2020. Kowane fili da aka share, gona ce ta komo hannun mai ita. Baƙon da ya ga wannan ya fahimci karkarar Kambodiya fiye da wanda ya ɗauki hoto dubu.

Ga manoma kuwa, na can da na ko'ina baƙi ke zuwa kallo, maganarmu uku ce. Ta fari, kuɗin baƙo ƙari ne a kan noma, kada ya zama madadinsa, kada kuma takardar gona ta tafi jingina saboda shi. Ta biyu, a tari baƙo da mai otal a ƙungiyance, da farashi ɗaya, da juyi tsakanin gidaje, da asusun da ake karanta lissafinsa a gaban kowa. Ta uku, a rubuta iyakar gonaki da tarihin zaman gari tun kafin wurin ya yi suna, gama ranar da hukuma ta zo da taswira, wanda ba shi da shaida shi ake kira ɗan kama wuri zauna.

Mu ma muna da wuraren da ke cikin jerin nan na UNESCO. Sukur da ke kan duwatsun Adamawa ta shiga a 1999, abin da ya ba ta daraja kuwa har da gonakin da manoma suka yi hawa hawa da jeren duwatsu a jikin tsauni. Akwai kuma garuruwanmu da dama da ke kusa da wani dutse, ko magangarar ruwa, ko wurin biki da baƙi ke zuwa gani. In ƙungiyarku tana kusa da irin wannan wuri, ku sa batun cikin taronku na gaba. Ku lissafta abin da baƙi ke ci da abin da suke saye, ku ga nawa ne daga gonakinku ya fito, sa'an nan ku zaɓi mutum biyu ko uku su je su yi magana da masu masauki da hukuma da sunan kowa.